Kurkum zai iya maye gurbin inhela ga mai asma?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 11 yana fama da asma, tana tashi idan hunturu ya shigo ko an yi shara ƙura ta tashi. An turo mini bidiyo a WhatsApp wai masana sun gano kurkum na warkar da ita, a haɗa da masoro da zuma. Na gaji da sayen inhela, ga surukata tana cewa in ya saba da ita shi ke nan, ba rabuwa. In daina masa in koma kurkum? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki daina masa inhela. Mai bidiyon bai ƙirƙiri maganar daga iska ba, akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma ya ɗauko ta ne tun ba ta nuna ba.

Kurkum, wanda kakanninmu ke kira gangamau, yana ɗauke da sinadarin kurkumin, shi ne ke rina miya da yatsu su yi rawaya. Tun 1815 wasu masana a Faransa suka ware shi daga saiwar. Irin asmar ɗanki kuwa garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri: ƙura ko gashin kyanwa ko burbushin kyankyasai su shiga, jiki ya ɗauke su abokan gaba, hanyoyin iska su kumbura, su tsuke, majina ta cika su. Shi ya sa kike jin ƙirjinsa na fito da dare. A ɗakin gwaji ana sa wa ɓeraye irin wannan asma da farin ƙwai, sannan a ba su kurkumin, wani lokaci ta hanci. Sau da yawa kumburin yana raguwa, ƙwayoyin jinin da ke taruwa a huhu su yi ƙasa. Wannan sakamako ne ke yawo a intanet.

Matsalar tana zuwa ne idan aka koma kan ɗan Adam. A Indiya, a 2014, an ba manya masu asma miligiram 500 na kurkumin sau biyu a rana har kwana 30. Awon ƙarfin hura iska ya ɗan gyaru, amma tari da sarƙewar numfashi ba su canza a zo a gani ba. A Barazil, a 2019, an gwada garin saiwar a kan yara 'yan kaɗan, aka ga sun rage farkawa da dare. Ki lura da abu ɗaya: a duka biyun ba wanda aka karɓe wa maganinsa, ƙari aka yi a kai. Kuma mutanen ba su da yawan da likita zai kafa hukunci da su.

Sai batun shiga jini, wanda shi ne babban cikas. Kurkumin ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta yi maza ta fitar. Garin da kike saya a kasuwa kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai kurkumin. Ke nan kafin a kai abin da aka ba mutanen Indiya a rana guda, sai an sha wajen ƙaramin cokali goma. Wane yaro ne zai haɗiye wannan? Don haka masana yanzu suka karkata ga sarrafa sinadarin, su canza masa siffa ko su naɗe shi cikin ƙwayoyin mai ƙanana, ko a samu wanda za a shaƙa kai tsaye. Aikin bai kai ga magani a kanti ba tukuna.

Masoron da aka ce ki haɗa, dalilinsa wani bincike ne na 1998 a Bangalor da ya nuna sinadarin masoro na ninka shigar kurkumin jini har sau 20. To nan kuma gizo ke saƙa. A Italiya da Amurka an samu mutanen da hantarsu ta kumbura, idonsu ya yi shawara, bayan shan kafson kurkum, da yawa masu haɗin masoro, har hukumar magunguna ta Ostareliya ta yi gargaɗi a 2023. Sinadarin masoron yana kuma ɗaga tiyofilin a jini, maganin asma da har yanzu wasu ke sha a ƙwaya. Mai tsakuwar matsarmama da mai shan maganin tsinka jini su ma su kiyayi kafson.

Kurkum a miya ko shinkafa ba laifi, ki ci gaba da sa masa. Ki dai sayi saiwar ki daka da kanki in da hali, domin an kama masu zuba wa gari launi mai gubar dalma a Bangaladash.

Ki gaishe mini da Inna, ki faɗa mata inhela ba ta sa jiki ya saba har a kasa rabuwa da ita. Abin da na fi so ki duba shi ne wace iri yake amfani da ita. Shuɗiyar nan ta salbutamol buɗe hanya kawai take yi na 'yan awoyi, ba ta taɓa kumburin. Idan yana neman ta fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinsa daga barci, yana buƙatar ta rigakafi da ake shaƙa kullum, irin su bekilometason ko budesonayid. Ita ce ke yin aikin da ake fata kurkumin ya yi wata rana, kuma ita za ta rage miki sayen shuɗiyar. Ki je da shi asibiti kafin hazo ya sauka, a ga yadda yake shaƙa. Yara da yawa a baki maganin ke tsayawa. Gorar ruwa ta roba mai rabin lita, a huda gindinta a sa bakin inhelar, tana taimakawa ya kai huhu.

In kika ga ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza launi, ki ba shi shuɗiyar ku kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne.