Kwana uku a kan tafki, ko kan kifi babu a miya: amsa ga Kawu

Kawu, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ta iso mu nan Texas: yaya mutum da hankalinsa zai ɗauki hutu a wurin aiki, ya ja jirgi a bayan mota, ya yi kwana uku yana ƙona fetur a kan tafki, ya dawo hannu rabbana, wai shi shirin gasar kamun kifi yake yi? 'Yan'uwanmu da ke shiga wannan harka ba su da yawa, amma ga yadda take.

Dokar gasar ce ta haifi shirin. A Argungu wanda ya fito da kifi mafi girma shi ya ci. A nan kifi biyar ake aunawa a haɗe, kuma da ransu. Kifin da ake gasar a kansa bas ake ce masa, kuma ba ya kusa da giwan ruwa a girma. Wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, da har yau ake ambato, laba 22 da oza 4 ne, wato kilo 10 da 'yar ɗoriya. Wanda ya kawo biyar da suka haɗa laba 20 a rana ɗaya ya yi abin kai a yawancin tafkuna. Ba homa, ba birgi, ba mamari, ba tana a ƙugiya. Sandar fatsa ɗaya a hannu, da abincin ƙarya na roba ko katako ko ƙarfe. A yawancin ruwan Texas bas mai babban baki sai ya kai inci 14 kafin a riƙe shi. In an gama awo a mayar da su ruwa, al'adar da ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S., wadda Ray Scott ya kafa, ta soma a gasanninta tun 1972.

To, tafki kamar Sam Rayburn ya haura eka 110,000, ranar gasa kuwa awa takwas ce ko kusa da haka. Wannan lokaci na kamu ne kawai. Nema sai a kwanakin gwaji. A manyan gasanni ana rufe wa 'yan gasa ruwan kusan wata guda, kamar yadda ake hana kamun kifi a Matan Fada ta Argungu sai ranar biki, sai dai a nan su kaɗai aka hana, sauran jama'a na ta fatsarsu. Haka kuma ba su da izinin tambayar masuntan gari inda kifi yake, kuma akan sa wanda ya ci a na'urar gane ƙarya. Daga nan a ba su wajen kwana uku. Ƙananan ƙungiyoyin gari ba su tsananta haka ba.

Tun daga gida ake farawa. A buɗe taswirar zurfin tafkin, a nemi tsoffin hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun fari, irin na 2011 lokacin da tafkunan Texas suka janye ƙwarai. A nan ake ganin abin da ruwa ya rufe yanzu: tsohuwar hanya, bakin rafi, kututturan itatuwa. A duba tsayin ruwa, wanda hukumar madatsar ke fitarwa kullum, a ga yana hawa ne ko sauka. A duba nauyin da aka ci gasa da shi a wannan watan a shekarun baya, don wanda ya san sai da laba 22 ake ci ba zai ɓata rana a kan 'yan laba bibbiyu ba.

Da an sauke jirgi, zafin ruwa ake fara dubawa. Su da Faranhait suke lissafi, amma ga shi da Salshiyas. Tsakanin digiri 10 da 15 kifin na barin zurfi, yana bin tsohon kwarin rafi zuwa lungunan da zai yi ƙwai, yana tsayawa a kan hancin tudu ko gefen ciyawa. Daga 16 zuwa 21 yana kan sheƙa a ruwan da sau da yawa bai wuce ƙirji ba, har ana ganinsa da tabarau mai kashe ƙyalli. In zafi ya yi tsanani, ko dai ya taru a gefen tudun ƙarƙashin ruwa mai zurfi, ko ya shige ƙarƙashin ciyawa mai kauri.

Kuskuren sabon shiga shi ne son ganin tafkin duka. Mai wayo reshe ɗaya yake ɗauka a rana ta farko, ya bi shi daga baki har ƙurya. Wani lokaci ya yi awa uku bai taɓa sanda ba, inji na tafiya a hankali, ido a kan allon na'urar da ke nuna ƙasan ruwa, yana danna alama a duk inda ya ga garken kifi ko tarin itace. In ya ɗauki sanda, abincin da ake ja da sauri yake jefawa don ya tsefe wuri mai yawa. Duk cizon da ya samu sai ya rubuta: zurfi nawa, ƙasan tsakuwa ce ko laka, daga ina iska ke bugowa, ruwan garau yake ko ya gurɓace, ƙarfe nawa. Cizo ɗaya dace ne. In uku suka zo a zurfin ƙafa shida, a gefen ciyawar da iska ke duka, to an sami dalili. Rana ta biyu sai ya tafi wani reshen da bai taɓa shiga ba ya nemi wuri mai kama da wannan. In can ma suka ci, yana da abin da zai bi a tafkin duka, ko da wani ya riga shi wurin farko.

Ga abin da ya fi ba ka mamaki, Kawu. Kifin da ƙugiya ta huda ranar Talata ba lallai ya sake ci ranar Alhamis ba, kuma jan ɗaya daga garke yakan watsa sauran. Saboda haka a gwaji ba a son kamu. Wasu su lanƙwashe tsinin ƙugiya da filaya, wasu su sa masa ɗan bututun roba, wasu su cire ƙugiyar baki ɗaya su bar dalma da tanar roba. In kifi ya ɗauka, ba a fizga. A ɗaga sanda a hankali a ji nauyinsa, a ɗan girgiza har ya tofar. Ɗaya ko biyu kawai ake hudawa a wuri don a ga girmansu, sai a danna alama a tashi nan take, don akwai idanu a sauran jirage. A ganinmu, wanda ya fi kowa baza hotunan kifi ranar gwaji shi ne ba kasafai ake jin sunansa ranar awo ba.

Rana ta uku ta neman madogara ce, domin abubuwan da ke rushe shiri sanannu ne. Iskar sanyi ta ratso daga arewa da dare, gari ya waye sama tas ba gajimare, kifin da ke bin abinci jiya ya lafe a jikin itace, sai an saka masa a baki a hankali. Madatsa ta saki ruwa ya sauka da taƙi ɗaya, na bakin gaɓa su koma zurfi. Iska ta juya, wurin da aka dogara da shi ya zama laka ko igiyar ruwa ta hana isa. A tafkunan kogin Tennessee, irin Guntersville a Alabama, kifin zurfi yakan buɗe baki ne sa'ad da madatsa ke jan ruwa don wutar lantarki. Wanda ya same su suna ci da yamma ya koma da sassafe sai ya tarar da su kamar ba su ba. Ga kuma ƙuri'ar fita, don jirage bi da bi suke tashi: in lambarka ta 90 ce, kada ka sa rai da wurin da kowa ya sani. A lokacin ƙwai ma kifin tafiya yake yi, don haka a kowace alama sai ka tambayi kanka inda za su matsa in ruwa ya ƙara ɗumi, da inda za su koma in ya huce. A ranar ce kuma ake auna minti nawa ne daga wuri mafi nisa zuwa wurin awo, a ƙara rara saboda iska.

Daren gasa na kayan aiki ne. A sake zare a sandunan da suka sha aiki, mai ɗaukar laba 50 zuwa 65 na saƙa don cikin ciyawa, siriri marar launi don ruwa mai haske. A sake ƙulla kowane ƙulli, a wasa ƙugiyoyi, a tabbata an cire bututun robar nan, don akwai masu mantawa. A cika batura da tanki, a duba toshiyar gindin jirgi, lasisin kamun kifi na wannan jihar, rigar hana nitsewa da igiyar kashe inji. Mu kan ƙara da butar alwala da darduma, don Asuba a bakin ruwa take samun mutum.

Sai akwatin ruwan da kifin ke zama a cikin jirgi. A gwada famfonsa tun da dare. Lokacin zafi a tanadi ƙanƙara a robobi, amma kada a sanyaya ruwan fiye da digiri biyar ƙasa da na tafkin, in ba haka ba sanyin ne zai kashe su. A riƙa sauya rabinsa bayan awa bibbiyu. A dokar B.A.S.S. kowane mataccen kifi ana cire oza 4, kowane minti na latti laba ɗaya, wanda ya wuce minti 15 kuwa an soke kamun ranar gaba ɗaya.