Madugu yana yaro: amsoshin tambayoyinku a kan kalmomin ƙwallon kwando

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga masu raba dare ne wajen kallon ƙwallon kwando na Amurka, wato gasar NBA, kuma kusan dukansu a kan mutum ɗaya suke, wato Cade Cunningham na ƙungiyar Detroit Pistons. Na ji daɗin haka. Wasan baƙo ne, amma bakin da muke hirarsa da shi namu ne, kuma duk abin da Bahaushe ya zauna yana musu a kansa ya cancanci a nemo masa suna mai kyau.

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto cewa: "Malam, barka da aiki. Me za mu kira ɗan wasan da ke shekararsa ta farko a gasar NBA? Na ji ana cewa sabon shiga, farin shiga, sabon yanka rake, har da kurtu. Wanne ne daidai?"

Ɗana, duka huɗun Hausa ne, amma kowace da irin kallon da take yi wa mutum. Sabon shiga labari kawai take bayarwa, ba yabo ba zagi. Kurtu aro ce daga Turanci, ta bariki muka same ta, kuma ba ta rabu da ƙanshin bariki ba: sabon soja ko ɗan sanda da ake ba umarni yana bi. Sabon yanka rake kuwa akwai ɗan tsokana a cikinta. Ka ɗauki hoton wanda jiya jiya ya fara sana'ar rake, wuƙa na hannunsa, zumuɗi ya cika shi, bai san inda gaɓa take ba. Idan ka faɗa wa mutum ita a gaban jama'a, ka rage masa tsawo.

Ni farin shiga na fi so. A ganina farin nan ba na launi ba ne, ɗan'uwan "da fari" ne da "ɗan fari", wato farko, ko da yake akwai masu jin ta kamar farin ƙyallen da bai taɓa datti ba. Ko ta wace hanya ka bi, kalmar tana ɗauke da uzuri. Idan aka ce "ku yi masa haƙuri, farin shiga ne", an yarda yana kuskure, an kuma yarda zai daina. Cunningham farin shiga ne a kakar wasa ta 2021 zuwa 2022, bayan Detroit ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2021, yana da shekara 19, daga jami'ar jihar Oklahoma.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, daga wata malamar firamare a Maraɗi: "Malam, ina gaisuwa. Ƙanena yana cewa Cunningham shi ne 'lamba ɗaya' a fili, mai tafiyar da wasa. Ba mu da sunan wannan matsayi da Hausa?"

Malama, bari mu fara da aikin, sunan zai biyo baya. Kowace ƙungiya mutum biyar take sakawa a fili. Ɗaya daga cikinsu shi ke karɓar ƙwallo tun daga gida, ya tsallaka da shi tsakiyar fili kafin daƙiƙa 8 su cika, ya ɗaga hannu ya nuna dabarar da za a bi, ya san wane ne a cikin abokansa hannunsa ke ci yau, wane ne kuma ya daɗe bai taɓa ƙwallo ba har ransa ya fara ɓaci. Duk wannan sai ya gama shi kafin agogon daƙiƙa 24 ya buga, wato lokacin da ake ba ƙungiya ta yi jifa a kwando. Idan an ci, sau da yawa sunan wani ake kira. Idan ƙwallo ya suɓuce, shi ake kallo.

Mai son ya sauƙaƙa zai ce "mai rabon ƙwallo", kuma kowa zai gane. A rediyo ita zan ba da shawara. Sai dai rabo ɓangare ne kawai na aikin. Kalmar da ta rungume shi duka tsohuwa ce, daga zamanin fatauci: madugu. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayo goro yana da jagaba, wanda ke wucewa gaba ya duba hanya da zango, amma madugu ne ke da ta cewa. Shi ke yanke lokacin tashi da lokacin yada zango, shi ke magana da sarakunan garuruwan da aka ratsa a kan kuɗin fito, shi ke raba faɗa tsakanin fatake. Shi ya sa ake masa kirari da madugu uban tafiya.

A nan ne kalmar ta tona wani abu da nake so ku lura da shi. Ba a naɗa yaro madugu. Mutum sai ya yi shekaru yana bin ayari, ya san rafin da ke cika da wanda ke ƙafewa, ya san ƙauyen da ake kwana da wanda ake wucewa da rana tsaka, sannan fatake su yarda su ba shi dukiyarsu da rayukansu. Amma a ƙwallon kwando, ƙungiyar da ta durƙushe ita ke da babbar dama ta samun zaɓin farko, don haka yaron da ya fi kowa hazaƙa yakan faɗa gidan da ya fi kowane rauni. A ba shi ƙwallo a ce ja mu. Madugu ne da sarauta, farin shiga ne da shekaru. Yaron da a jami'a wasa talatin da 'yan kai ne kakar wasansa, yanzu 82 ke gabansa, kowanne minti 48, da manyan da suka girme shi da shekara goma suna jiran ya yi sakaci. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma wannan matsayi kusan dukansa hange ne. Gudu da tsalle yaro yana zuwa da su daga gida. Sanin inda abokinka zai kasance daƙiƙa biyu masu zuwa kuwa, sai an daɗe ana ɓarin ƙwallo ake samunsa. Cunningham a shekararsa ta farko yana ɓarar da ƙwallo fiye da sau uku a kowane wasa, tare da cin maki 17 da ɗoriya da miƙa ƙwallon da aka ci fiye da sau biyar. Duk wanda ya kalli ɓarin kaɗai bai fahimci abin da ake koyo ba.

Wani tela daga unguwar Zango a Kumasi ya tambaya ko "tayar da komaɗa" ta dace da abin da Detroit ta yi shekaru tana yi.

Ɗan'uwa, ta kusa, amma ba ita ba ce. Komaɗa lotsawa ce, irin wadda kwano ko garwa ke yi idan sun bugu. Mai gyara yakan sa guduma ta ciki ya buga har wurin ya taso, kuma kwanon dai shi ne, ba a sake wani ba. Shi ya sa ake cewa tayar da komaɗar tattalin arziki, ko ɗan kasuwar da ya karye ya tayar da komaɗa. Abin da Detroit ta yi ya wuce haka. Ta rabu da manyanta da gangan: Andre Drummond ya tafi a 2020, Derrick Rose da Blake Griffin suka bi baya a farkon 2021. Wannan rushewa ce domin sake gini. Magini ya san bambancin yaɓe da sabon tubali. Idan bango ya tsage sama sama, yaɓe ya isa. Idan tushe ne ya ci ruwa, sai a kwantar da shi a fara daga ƙasa, mutanen gida kuma su yarda za su yi damina a rumfa. Don haka ka ce "ƙungiya mai sake gini". Ƙungiyar da ta ci kofi a 1989 da 1990 da madugunta Isiah Thomas, ta sake ci a 2004, ita ce ta koma rumfa.

Sai wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. Wani magidanci daga Jos ya ce shi da abokinsa sun daɗe suna gardama. Abokin tun ranar da ya ga wasan Cunningham na farko ya yanke hukunci cewa ba za a yi abin kirki da shi ba, yana kafa hujja da "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta". Yana tambaya ko karin maganar ta hau.

Alhaji, gaskiyar abokinka ɗaya ce: wasan farkon bai yi kyau ba. Ranar 30 ga Oktoba 2021 ne, da Orlando, bayan ciwon idon sawu ya hana shi fara kaka tare da sauran, kuma maki 2 kacal ya ci, jifa ɗaya ta shiga cikin takwas. Amma abokinka ya ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Dubi ranar da ta zaɓa. Ba ta ce Asabar ba, ba ta ce Lahadi ba. Laraba ta ce, lokacin da mako ya riga ya yi nisa, saura kwana biyu. Wato ana hukunci ne bayan alamu sun taru. Wasan farko na yaro ɗan shekara 20 Asabar ce da asuba, ko shara ba a yi ba.

Sannan abin da ake dubawa ranar Laraba shiri ne, ba sakamako ba. Matar gida ta surfa hatsi? An wanke kayan Juma'a? A wurin madugu farin shiga, abin dubawa shi ne ko yana ɗaga kai yana ganin fili ko ƙwallo yake kallo, ko kuskuren da ya yi a Nuwamba shi yake maimaitawa a Maris, ko abokansa suna jin maganarsa idan wasa ya yi zafi. Da waɗannan aka auna shi a ƙarshen kakar ya zo na uku a zaɓen gwarzon fararen shiga, bayan Scottie Barnes da Evan Mobley, alhali ƙungiyarsa wasa 23 ta ci, aka cinye ta 59.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya biyo baya ya ƙara wa abokinka baki. A kaka ta biyu wasa 12 kawai Cunningham ya buga, aka yi masa aiki a ƙwauri. A ta uku Detroit ta sha kashi sau 28 a jere, abin da ba a taɓa gani ba cikin kaka guda, har sai ranar 30 ga Disamba 2023 da suka doke Toronto da maki biyu. A tsakiyar wannan masifa akwai daren da ya ci maki 41 a kan Brooklyn, aka kuma cinye su duk da haka. Na tausaya wa yaron ƙwarai a lokacin, domin mutane suna karanta sakamakon gida gaba ɗaya a goshin mutum ɗaya. Suka an yarda da ita, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ɓarin ƙwallonsa abin gyara ne har yanzu. Amma da yawa "sauke" suke cewa, ba "gyara" ba.

Wata ɗaliba daga Sakkwato ta yi gajeriyar tambaya: ƙwallo namiji ne ko mace? 'Yata, muna cewa ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando, ba ƙwallor ba, wannan ɗafin namiji ne. Amma za ki ji masu sharhi suna cewa "ƙwallo ta shiga", kuma ba wanda ke tsayar da su. A rubutu ki zaɓi ɗaya ki riƙe shi har ƙarshe.

Ta ƙarshe daga wani matashi ne da aka haifa a Legas. Ya ce kakarsa ta ji suna hirar Detroit sai ta ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka", shi kuma bai san mene ne jinka ba.

Ɗana, Allah ya ƙara wa kaka lafiya, ta gama sharhin da kalma shida. Jinka rufin ɗakin ciyawa ne, mai tsini kamar malfa. A ƙasa ake haɗa shi, a ɗaure kara ko itatuwa a yi tanka, sannan a kira maƙwabta su kewaye shi, su ɗaga lokaci ɗaya su ɗora a kan bango. Ba nauyi ne kaɗai ya sa ake neman jama'a ba. Jinka da'ira ne, yana da faɗi, idan ƙato ɗaya ya ɗaga gefensa sai ɗaya gefen ya nitse ƙasa. Ƙarfinsa ma sai ya karkatar da shi. Dole kowane gefe a sami hannu.

Haka aikin madugu yake a fili. Idan ya kutsa cikin masu tsaro ya jawo mutum biyu kansa, ya miƙa wa wanda ke tsaye shi kaɗai a kusurwa, aikinsa ya ƙare. In wancan bai iya jifa daga nesa ba, gobe masu tsaro ba za su kula shi ba, uku za su taru a kan madugu, hanya ta toshe, ɓari ya ƙaru. A 2024 Detroit ta kawo sabon koci, J.B. Bickerstaff, ta kuma ɗauko gogaggu irin su Tobias Harris da Tim Hardaway Jr. da Malik Beasley, mutanen da ba a iya bari su kaɗai a bayan layin maki uku, inda jifa daga nesa ke kawo maki uku idan ta shiga. Ƙungiyar da ta ci wasa 14 a kakar da ta gabata sai ta ci 44. Cunningham ya koma cin maki 26 da miƙa ƙwallon ci sau tara a kowane wasa, aka zaɓe shi cikin taurarin gasar a karon farko a 2025. Sun shiga zagayen fitar da gwani, suka ci wasa a wannan mataki a karon farko tun 2008, kafin New York Knicks ta fitar da su da ci huɗu da biyu.

Idan ka je ƙauye bayan kaka, lokacin da ake sabunta ɗakuna, ka roƙi a kai ka inda ake ɗora jinka. Ka tsaya kusa ka saurari wanda ke ba da murya kafin a ɗaga.