Za a ga kifin wel a jirgin tsibirin Robben?

Malam, ka ce za ka tashi daga Kano zuwa Cape Town a watan Fabrairu, kana tambaya ko za ka ga kifin wel, wato ƙatuwar dabbar tekun nan mai siffar kifi, daga jirgin fiton da ke kai mutane tsibirin Robben. Gaskiya kada ka sa rai sosai. Nau'in da aka fi gani a gaɓar can yana zuwa haihuwa ne daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma garin Hermanus ya fi shahara da kallonsa. Tsuntsayen teku kam za ka gan su har ka ƙoshi. Akwai kuma dabbar ruwan nan mai gashin baki da ake kira sil, wadda daga sunanta a harshen Holan tsibirin ya samo suna.

Sharaɗin ganinsu shi ne ka tsaya a wajen ɗakin jirgin, kada ka zauna ciki bayan gilashi. Tafiyar ba ta kai awa guda ba. Lokacin da na je, tun kafin mu bar tashar wata sil ta ɗago kai dab da jirgi, ruwa na ɗiga daga gashin bakinta, har yau ina ganinta a idona. Ka riƙe rigar sanyi irin ta hunturu, iskar tekun tana ratsa ƙashi, ita ce ma ke sa a soke tafiya wani lokaci, don haka kada ka bar tafiyar sai ranar ƙarshe. In ka sauka tsibirin, inda Mandela ya yi shekara 18 a tsare, ka duba bakin gaɓa ko ka dace da fengwin, tsuntsun tekun nan da ba ya tashi sama.