Amsa ga Yaya kan maganar Avatar

Assalamu alaikum jama'ar gurup, ina wuninku, ya zafi. Yaya na ji saƙonka tun da rana ina kasuwa shi yas sa ban amsa ba, inda kac ce wai Avatar na biyu katun na na yara, mutane shuɗɗa masu wutsiya, babu labari sai launi, kuma wai masu yabonai kwaikwayon Turawa kawai suka yi. Yaya don Allah ka yi min haƙuri, kai babba na, amma wagga magana ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Da farko a ina kak kalle shi? Kai da bakinka kac ce a waya, wanda anka tura maka wurin masu caji, anka matse shi har ya zan bai kai rabin giga ba, ga hayaniyar gida ga kira na shigowa. To fim na awa ukku da minti 12 wanda anka yi don allo mai girman bangon gida, ya za a yi ka ga abin da mutane suka gani? Ni Allah ya sa ina Abuja wajen ɗan'uwana a Disamba 2022 lokacin da yaf fito, munka tahi silima anka ba mu tabarau ɗin nan na 3D. Wallahi Yaya da anka nutsa cikin ruwan nan sai nij ji ina riƙe numfashi ban sani ba, ɗakin duka tsit, wata yarinya a layin gabanmu da ba ta wuce shekara bakwai ba ta miƙa hannu tana son taɓa kifin da ka wucewa, uwatta na jawo ta tana ƙara miƙawa. Wani dattijo gefena da farin gemu sai subhanallah yaka ta maimaitawa a hankali.

Kuma ba zane na ba irin wanda kaka nufi. Mutane na na gaske sunka yi wasan, a sa masu wasu kaya masu ɗigo-ɗigo a jiki, a ɗaura masu ƙaramar kyamara gaban fuska tana ɗaukar motsin ido da baki, sannan kwamfuta ta ɗora siffar Na'vi, wato mutanen nan shuɗɗa na cikin fim ɗin, a kai. Na biyun ma cikin ruwa sunka yi shi, wata ƙatuwar tanki anka gina, 'yan wasan sunka koyi nutso babu tukunyar iska don kumfa na ɓata ɗauka. Kate Winslet, waccan ta Titanic, ta yi sama da minti 7 ƙarƙashin ruwa da numfashi guda. Kai da kas san Argungu, ka ga masunta na nutso a Matan Fada, ka san minti 7 ba wasa na ba. Aikin kwamfutan kuwa kamfanin Weta na ƙasar Niyu Zilan yay yi, har anka ba su Oska, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a 2023. Shi James Cameron, daraktan fim ɗin, shekara 13 yay yi tsakanin na farko na 2009 da wanga, harshen da Na'vi ɗin suka magana ma wani malamin harsuna Paul Frommer anka sa ya ƙirƙire shi da nahawunai da komi. Na farkon ya tara kusan dala biliyan 3, na biyu ya haura biliyan 2, yara kaɗai ba su tara wanga kuɗi.

Amma ni abin da yaf fi tsaya min a rai nan Sakkwato yaf faru, ba Abuja ba. Bayan sallah babba wani mai gidan kallon ƙwallo a Mabera ya samu majigi, ranar babu wasa sai yas sa na farkon, na 2009, bisa farin ƙyalle. Benci cike, 'yan kabu-kabu, masu shayi, ɗalibban Ɗanfodiyo biyu-ukku suna fassara ma na kusa da su. Da farko ana ta dariya, ana cewa dibi aljannu, dibi kunne, wani na cewa wanga tsawo sai ka ce giginya. Har anka kawo wurin da kamfanin haƙar ma'adinai na cikin fim ɗin yaz zo da jirage ya kada babban iccen da mutanen ka zaune ciki, don kawai akwai ma'adini ƙarƙashinai. Yaya, dariya ta ɗauke ɗif. Ba ka jin komi sai ƙarar janareta. Mata na gudu da ɗiya a hannu, toka na zuba kamar hazo, sai wani bawan Allah a bayana yac ce da ƙarfi, wannan ai garinmu na. Bayan an tashi nit tsaya munka gaisa, ashe mutumin ƙasar Anka na, gudun hijira yak kawo shi. Yac ce min tun da anka ga zinari a ƙasassu ba su ƙara barci da ido biyu rufe ba, ya tuna min da gubar dalma ta 2010 da tak kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum, yana maganar idonai na kawo ruwa. Mutumin ga bai jin Turanci ko kalma guda, amma babu wanda yaf fahimci fim ɗin a ɗakin nan kamatai.

Na yarda da kai a wuri guda, labarin bai da sarƙaƙiya, tun daga nesa ka san inda za shi, kuma ni ma ya dame ni yadda kullum sai baƙo ya zo ya zan shi na jagoran masu ƙasa, kamar su ba su da jarumi nasu. Na biyun kuma tsakiyatai ta yi tsawo, wasu sun yi gyangyaɗi ban musu ba. Sannan maganar da Malam yay yi a gurup ta bautar icce da suturar mutanen, gaskiya ta, ba fim na da za ka sakam ma yara ka tahi ba, ka zamna da su ka yi masu bayani.

To amma a ce babu labari, a'a Yaya. Na yi magana da mai majigin, ya ce daren Juma'a babu ƙwallo, bayan isha'i zai sa muna na biyun in mun haɗa kuɗin mai. Ni zan biya naka, zan zo in ɗauke ka bisa mashin, ka zamna benci na gaba. Wanda duk ka zuwa cikin gurup ya rubuta sunanai kahin Alhamis don mu san benci nawa za a aje.