Tambaya da Amsa: Kasabalanka zuwa Tanja, mota ko jirgin ƙasa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗan Ƙaura Namoda ne, in Allah ya yarda zan raka Innarmu ƙasar Maroko ziyara Fas, amma ta ce kafin nan sai ta ga jikanta da ke karatu a Tanja. Jirginmu Kasabalanka zai sauka. To yaron ya ce mu hau jirgin ƙasa, ni kuma wallahi jirgin ƙasan da na sani wanda munka sani ne nan gida, a shiga yau a sauka jibi, ga tsohuwa da ciwon gwiwa. Ba gara mu ɗauki shatar mota ba? Sannan ƙanena na ta gardama wai jirgin har Sifen yake wucewa, da gaske ne? Nagode.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Inna lafiya ya kai ku ya maido ku lafiya. A taƙaice dai ka bi maganar yaron nan, kar ka ɓata kuɗinka a shata.

Kuma ban ga laifinka ba da kake tsoro, duk wanda ya tashi a Ƙaura ya san layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya zo ya tuƙe a garinku, tun 1929 yake nan, don kwasar gyaɗa da auduga Turawa suka shimfiɗa shi ba don saurin fasinja ba, shi ya sa in aka ce jirgin ƙasa abin da ke zuwa mana a rai guzurin kwana biyu ne da tabarma da buta. To wancan na Maroko cire shi daga wannan lissafin gaba ɗaya. Sunansa Al Boraq, eh Buraƙa dai da ka sani ta Isra'i da Mi'iraji, Sarki Muhammad na 6 ya ƙaddamar da shi a Nuwamban 2018, kuma shi ne jirgin ƙasa mai tsananin gudu na farko a duk Afirka. Tsakanin Kasabalanka da Tanja kilomita 323 ne, da can awa 4 da minti 45 ake yi, yanzu awa 2 da minti 10. Kai ko shayin da ka saya bai gama hucewa ba an kai Rabat.

Sai dai ba duk hanyar yake wannan gudun ba, in kun taso daga Kasabalanka zai riƙa tafiya kamar ta kowa har Rabat har Kenitra saboda tsohon layi yake bi a nan, kar ka ce an yaudare ka. Daga Kenitra ne ake hawa sabon layi, nan zai buɗe wuta har kilomita 320 a awa, kuma abin mamakin ba ka ma jin jijjiga sai dai ka ga turakun wuta na ɓacewa ta taga. Tasha biyu kaɗai yake tsayawa a tsakani, Rabat-Agdal da Kenitra, shi ke nan sai Tanger-Ville, wato tashar Tanja.

Yanzu ga inda mutanenmu ke yin kuskure, ni ma kaina na yi shi. Kasabalanka na da manyan tashoshi biyu masu kama da suna, Casa-Port da Casa-Voyageurs. Buraƙa daga Casa-Voyageurs take tashi. Zuwana na farko na ce wa mai tasi ya kai ni tasha kawai ban faɗi wacce ba, ya sauke ni Casa-Port tunda ita ce kusa da masaukina, ina tsaye ina ta duba allo ban ga Tanja ba, kafin in gane in sake neman wata tasi in ratsa cunkoso jirgi ya yi gaba, laifina ne ba na kowa ba amma ranar na ji haushi. Ku naku ma da sauƙi, a ƙasan filin jirgin saman Muhammad na 5 akwai tashar jirgin ƙasa, ku hau nan ku sauka Casa-Voyageurs ku canja, ba sai kun shiga gari ba. In kuma Inna ta gaji da zaman jirgin sama, wanda na san za ta gaji, to ku kwana ɗaya ku huta, da safe ka kai ta Masallacin Hassan na 2 da aka gina a bakin teku, hasumiyarsa mita 210, ba za ta manta da shi ba.

Maganar gwiwa kuwa ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Jirgin nan bene ne, sama da ƙasa, kuma kowane tikiti da lambar taragonsa da lambar kujerarsa, ba wai ka shiga ka zauna inda ka ga dama ba. Saboda haka tun wajen yankan tikiti ka nemi kujerun ƙasa don kar a haɗa tsohuwa da matakala ga akwatuna. A jikin tikitin za ka ga an rubuta Voiture, wannan tarago ne, Place kuma kujera. Ka tsaya daidai inda taragonku zai tsaya tun kafin lokaci, don jirgin nan ba ya jiran wanda ya je kama ruwa, in lokaci ya yi ƙofa za ta rufe ne kawai. Ni dai shawarata ku isa da rabin awa.

Tikiti kuma ka sa jikan nata ya saya muku ta intanet a shafin ONCF, hukumar jiragen ƙasansu kenan, tun da sauran kwanaki, saboda farashin ba a tsaye yake ba, wanda ya riga saye ya fi samun sauƙi, ranar tafiya kuma ya fi tsada balle ƙarshen mako ko lokacin hutu. Akwai aji na ɗaya da na biyu, na biyun ma tsaf yake da sanyinsa, amma don Inna in aljihu zai ɗauka ka ƙara ka yanki na ɗaya, kujerun sun fi faɗi za ta miƙe ƙafa. Akwai taragon da ake sayar da shayi da ɗan abin taɓawa, amma ka san tsofaffinmu, ka riƙe mata dabino da ruwa da ƙullin goronta a jaka.

Abu ɗaya da ba a faɗa wa mutane, kar Inna ta sa rai za ta yi ta kallon teku duk hanya don an ce garuruwan bakin teku ne, sabon layin ta cikin gonaki da tuddai ya fi bi. Tekun sai kun isa Tanja za ku ƙoshi da shi. Sannan in tafiyar ta faɗo da azumi ka lura da agogo, a shekarun nan lokacinsu ɗaya da namu amma da Ramadan sukan mayar da shi baya da awa 1, ka bi agogon tasha kar ka bi na hannunka. Da Larabcin makarantar allo ma za ka yi maleji, su nasu Darija ne gauraye da Faransanci amma in ka yi musu fusha, wato Larabcin littafi, suna ganewa.

Zuwa Fas kuma Buraƙa ba ta zuwa can. Daga Tanja za ku hau ta ku sauka Kenitra, sai ku canja zuwa jirgi na yau da kullum da ke bi ta Meknes ya kai ku Fas, shi wannan ba bene ba ne kuma ba shi da wancan gudun, kuma hawansa akwai ɗan tsayi sai ka kama mata hannu.

Shi kuma ƙanenka ka ce masa ya faɗi gardama. Tanja nan layin ya ƙare kamar yadda namu ya ƙare a Ƙaura. Gaskiya ne in gari ya yi garau kana hango duwatsun Sifen daga bakin ruwa, don inda mashigin ya fi tsukewa kilomita 14 ne kacal, amma babu gada babu rami, jirgin ruwa ake hawa, shi ma sai da bizar Turai, bizar Maroko da za ku nema ba ta tsallaka da kowa. In kun isa zawiyyar Shehu Tijjani a sa mu a addu'a, a gaishe min da Inna.