Ba gam ne ya lanƙwasa maka bangon ba

"Maigida, jotar bikin nan guda 30 da na yi wa bango jiya, da safe na tarar duk bangon ya banƙare kamar busasshen kifi. Anya gam ɗin da aka sayo mana ba jabu ba ne?"

Gam lafiyarsa ƙalau, ɗana. Da shi na liƙa kwalayen turaren can da ke kan kanta, je ka duba ko akwai wanda ya motsa. Duk yaron da ya taɓa zama a bencin nan sai da ya zargi gam. Ni ma na zarge shi a zamanina, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ƙyale ni na gama surutuna, sannan ya miƙo mini falle ɗaya ya ce in yaga. To kai ma zaro falle ɗaya daga rim ɗin nan.

Yaga shi ta tsawo, daga sama zuwa ƙasa. Ka ga yagar ta tafi kusan a miƙe, kamar an ja mata layi. Yanzu juya shi ka yaga ta faɗi. Ta karkace, ta yi haƙora, ta nufi inda ta ga dama. Takarda ɗaya ce, hannunka ne duka biyun. Abin da ya raba su shi ne abin da muke kira kwanciyar takarda a shagon nan, kuma ita ce ta ɓata maka aikin jiya.

Takarda dai ba komai ba ce illa ƙananan zaruruwa, yawanci na itace, da aka dama da ruwa mai yawa, damun da ya fi koko tsinkewa nesa ba kusa ba. A masana'anta ana kwarara shi a kan wata doguwar rariya mai gudu, ruwan yana tsiyayewa, rariyar tana ja gaba. Ka taɓa lura da karan dawa idan ruwa ya kwaso shi a kwalbati? Yawancinsa miƙewa yake yi ya bi inda ruwan ya dosa. Haka zaruruwan nan suke yi, kuma a haka suke bushewa. Tun da aka ƙirƙiro injin nan a Faransa wajen 1799, duk takardar da ta fito daga cikinsa da kwanciyarta take fitowa, daga ta jarida har kwali mai kauri da muke yin bango da shi. Ka ɗauke ta kamar asabari. Ta ɓangare ɗaya yana naɗuwa salin-alin, ta ɗaya ɓangaren kuwa in ka matsa masa karyewa zai yi.

Inda maganar ta shafi gam shi ne ruwan da ke cikinsa. Zaren takarda idan ya sha ruwa ƙiba yake yi, ba tsawo ba. Ka san ƙofar katako da damina: takan kumbura ta gefe har ta ƙi rufuwa, amma ba ka taɓa jin ta ƙara tsayi ta tokare rufin ɗaki ba. Haka falle yake. Da ka shafa masa gam sai ya buɗe ta faɗin kwanciyarsa, idan ya bushe kuma ya koma ya tsuke. To ka liƙa shi a kan kwali yana buɗe, ya kama, sannan ya zo tsukewa ya tarar an riƙe shi. Me zai yi? Sai ya ja kwalin ya tafi da shi. Kada ka raina siririyar takarda a nan, sau da yawa ta fi mai kauri ja.

Na duba bangon naka tun kafin ka iso. Takardar adon da ka rufe su da ita, ka yanka ta a gicciye ne don ka sami guda biyu ƙari a kowane babban falle. Na gane, tattali kake yi mini, Allah ya yi albarka, amma araha ba ta ado. Kwalin yana kwance ta nan, takardar tana kwance ta can, kowa yana ja nasa wuri, shi ya sa wasu ba lanƙwasa kawai suka yi ba, murɗewa suka yi. Sannan fuska ɗaya kaɗai ka liƙa, ta waje, ba ka sa komai a ciki da zai ja ya rama ba. Kuma ka jera su a bakin ƙofa don iska ta busar da su da wuri, a cikin hunturun nan na Kano da ko leɓen mutum tsagewa yake yi.

Dokar guda ɗaya ce, kuma ita nake so ka riƙe ko da ka manta sauran: kwalin bango, takardar da za ta rufe shi, fallen ciki, da shafukan littafin kansu, kwanciyarsu duka ta bi ƙashin bayan littafin, wato daga sama zuwa ƙasa. Idan suka haɗu a haka, ko sun motsa tare za su motsa, kuma littafin zai buɗe ya kwanta a kan tebur ba sai an danne shi da gwiwar hannu ba.

Gane kwanciyar kuwa ba sai ka yi ta yaga kayan mutane ba. Idan kwali ne, riƙe shi da hannu biyu ka ɗan tanƙwara shi a hankali, ka juya ka sake. Ɓangaren da ya bi ka ba gardama, to kwanciyar tana bin tsawon kwarin da ya yi. Nan take ka ɗauki fensir ka ja dogayen layuka a kan babban kwalin daga wannan baki zuwa wancan, tun kafin wuƙa ta taɓa shi, domin da zarar ka yayyanka shi ƙanana, ba za ka ƙara sanin gabansa da bayansa ba. Idan takarda ce ta rikita ka, yanki ɗan guntu kamar girman kwalin ashana, ka shafa wa fuska ɗaya ruwa da yatsa. Za ta naɗe kamar indararo. Inda ruwa zai bi a indararon nan, nan kwanciyar ta bi.

Akwai wani tarko da ke kama har manya. Takardar A4 da ake sayarwa a rim, mai milimita 210 a faɗi da 297 a tsawo, yawanci kwanciyarta ta tsawo ce. In za ka ɗinke ta a yadda take, ba laifi. Amma da ka ninka ta biyu don ka yi ƙaramin littafi, ninkin ya gicciye kwanciyar kenan. Shi ya sa kake ganin wasu ƙananan littattafai suna rufe kansu da kansu, gindin shafukan kuma ya yi kunya-kunya kamar gona bayan an sa gam. Maganinsa ka yanko daga babban falle yadda kwanciyar za ta bi ninkin, kuma ka gwada kafin ka biya kuɗi, kada ka dogara da abin da mai shago ya ce. Wannan "giram 80" da ke jikin rim ɗin ma ba nauyin fallen ba ne, nauyin murabba'in mita ɗaya ne. Fallen A4 guda 16 ke cika shi, don haka kowanne giram 5 ne. Lambar tana gaya maka nauyi, ba ta gaya maka kwanciya.

Wata rana zan kai ka ka ga tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu na hannu, irin waɗanda ake adanawa a Arewa House a Kaduna. In aka ɗaga falle ta wajen haske, sau da yawa za ka ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar. Daga Italiya aka yi ta kawo irinta, daga masana'antu kamar ta gidan Galvani a yankin Venis, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ratso Sahara da ita har kasuwar Kurmi. Baturen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana sayar da ita. Wadda aka yi da hannu a cikinsu, mai yin ta yakan girgiza rariyar gaba da baya, hagu da dama, sai zaruruwan su kwanta ta ko'ina, ba ta da ɓangaren da ta fi so sosai. Malaman kuma ba su ɗinke ba, ba su sa gam ba. Falle-falle suke barin littafin tsakanin bango biyu, a zura a gafaka, a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabata don kada jerin ya rikice. Ciwon kan da kake fama da shi yau, su bai same su ba. Mu da muka zaɓi injin da gam, dole mu san halinsu.

Sai yadda ake shafawa. Na ga kana ɗiga gam a kan kwali kana bazawa da yatsa. Bari wannan. Takardar ake shafa wa, da buroshi, daga tsakiya zuwa baki, siriri, ko'ina daidai. Sannan ka dakata. Za ka ga ta naɗe, can kuma ta saki jiki ta kwanta, minti ɗaya ko biyu. Sai a lokacin za ka ɗora, domin ta gama buɗewarta. In ka ɗora da wuri, a kan kwalin za ta ƙarasa buɗewa, ta yi maka ƙuraje da tamoji. Ka sa wani falle mai tsabta a sama ka murza da ƙashin nan na goge takarda, daga tsakiya kana korar iska waje.

Farin gam irin na kafintoci ruwansa kaɗan ne, bai cika jiƙa takarda ba, amma da hunturu kafin ka kai wannan baki wancan ya bushe. Shi ya sa nake sirka shi da talgen fulawa. Gwangwani ɗaya na fulawa, huɗu ko biyar na ruwa, a kan wuta kaɗan, kana juyawa ba tsayawa har ya yi sheƙi, ya huce, ka tace da ƙyalle. Ka dama na kwana biyu kawai, don da zafi yakan yi tsami, kyankyaso kuma yana son sa kamar me. Gam mai warin fetur na masu gyaran takalmi kuwa kada ya kusanci takarda, bayan an kwana biyu yakan huda ta ya fito da tabo ruwan ƙasa. Wannan maganar kwanciya kuma ba ta tsaya a littafi ba. Mafici mai ninki-ninki da ake rabawa a biki, in ninkin ya bi kwanciya yakan fito da kaifi, in ya gicciye sai fuskar takardar ta tsattsage. Furen takarda ma haka, ganyen ba ya naɗuwa da kyau sai ta inda yake so.

Yanzu kawo su nan mu ware. Waɗanda kwalinsu ya bi ƙashin baya, na ƙirga 18, suna da magani. Yanko fallen ciki mai nauyi kusan ɗaya da na waje, kwanciya daga sama zuwa ƙasa, ka liƙa a fuskar ciki, zai ja su dawo. Ka sa leda tsakanin bango da shafuka don damshi kada ya shiga, ka jera su tsakanin katako biyu, ka ɗora bulo huɗu, a cikin ɗaki, ba rana ba fanka, kada ka ɗaga ka leƙa sai gobe war haka. Sauran 12 da suka murɗe, ɓare su, shafukan ba abin da ya same su, kwalin kuma ka ajiye mana za mu yi ƙananan akwatunan zobe da shi. Bikin sai Asabar, akwai lokaci. Fulawar tana cikin bokitin da ke ƙarƙashin teburin yanka, ɗora ruwa, ni kuma bari in ja layukan a kan sabon kwalin ka gani.