Tambaya da Amsa: Me ya haɗa kyandir da almakashi?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani tsohon almakashi mai ɗan akwati a bakinsa, aka ce wai na kyandir ne. To me ake yankawa a jikin kyandir? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, lagwani ake yankawa, kuma da kin rayu a Turai shekaru 300 da suka wuce, da kin gaji da wannan aiki.

Kyandir ɗin talaka a wancan zamani na kitsen tumaki da na shanu ne. A narka kitse, a tsoma zare, a fitar ya daskare, a sake tsomawa har ya yi kauri. Na kakin zuma ba ya hayaƙi sosai kuma yana da ƙamshi, amma sai coci-coci da masu hannu da shuni. Na kitse kuwa ga ƙauri, ga ɓeraye na cinsa, dole a ɓoye shi a akwati. A Ingila ma har haraji aka ɗora wa kyandir a 1709, ba a janye ba sai 1831.

Matsalar tana ga zaren. Murɗa shi kawai ake yi, don haka yana tsaye ƙyam a tsakiyar harshen wuta, inda iska ba ta kaiwa. Ba ya cinyewa, sai dai ya yi baƙin kai kamar gawayi, haske ya dushe, hayaƙi ya tashi. In aka bar shi ya lanƙwashe ya taɓa gefe, kitsen ya tsiyaye a banza. Shi ya sa ake datse kan a kai a kai, ɗan akwatin nan kuma ya cafke guntun mai zafi kada ya faɗa kan tufafi.

Na taɓa gwadawa da kitsen rago da zaren auduga da na murza da hannu. Ban gama karanta shafi biyu ba sai da na tashi neman almakashi, ɗakin kuwa ya kwana yana ƙauri.

Faransawa ne suka kawo ƙarshen wahalar a shekarun 1820. Michel Chevreul, masanin sinadarai, ya ware wani farin abu mai tauri daga kitse, ana ce masa sitiyarin, wanda ke ci ba wari. Sannan aka fara kitsa lagwani kamar kitso. A ganina wannan ya fi komai, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Kitsattsen zare yana sunkuyawa da kansa, kansa ya leƙa gefen harshen wuta inda iska take, ya ƙone ƙurmus.

Sauran ya zo da sauri: injin yin kyandir na Joseph Morgan na Manchester a 1834, sai kakin farafin, wanda ake samu daga kwal da man fetur, a shekarun 1850.

In kin kunna kyandir yau da dare, ki duba kan lagwanin da kyau. Za ki gan shi a sunkuye, da ɗan jan garwashi a bakinsa.